Fuskar da Abdulghaffar Ya Share

Abdulghaffar maƙerin azurfa ne a unguwar Bab Sharif, haifaffen Jidda, ɗan wani mahajjaci da ya tako daga Haɗeja bai koma ba. Rabin matan unguwar Karantina da awarwaronsa suka shiga ɗakin miji. Wajen 1966 yanar ido ta fara rufe masa gani, har ya koma laluben awartakin da ke gabansa. Likita ya ce aikin sai a birnin Asmara, kuma kafin hajji, in ba haka ba halas, idon ya tafi.

Kadarar da ta rage masa dirhami ne guda mai kauri, wanda mahaifinsa ya samo a Sawakin. Da can akwai kan wani saurayi a jikinsa, da ƙahon rago a gefen kunne. Tsohon yakan ce Zulƙarnaini ne. Ranar sunan Idris, ɗansu na fari, wani malami ya ce mala'iku ba sa shiga ɗaki mai hoto. Abdulghaffar ya sa magagari ya share fuskar tas, da macen da ke zaune a bayan dirhamin, ya bar ƙahon da rubutun don girmamawa.

"Yalla, Abu Idris, tashi," in ji matarsa Mastura. "Mutumin da ya kai mafaɗar rana ba zai kasa kai ka Asmara ba."

Ta ja shi wajen wani khawaja, Bature ɗan Yunan, wato Girka, mai kanti kusa da tashar jirgin ruwa, don su sayar masa da dirhamin. Khawaja ya karanta rubutun.

"Kuɗin ƙasarmu ne! Wani jarumin Iskandar, wanda kuke kira Zulƙarnaini, ya buga shi bayan mutuwar maigidansa, tun kafin Annabi Isa."

Ya juya shi, ya ga inda aka share fuskar.

"Wane jahili ya yi wannan? Da fuskar na nan, da gobe kuna jirgi. Yanzu azurfa ce kawai, ya hajj."

"Zan mayar da ita," in ji Abdulghaffar. "Ido, hanci, duka. Wallahi na san fuskar nan."

"Ko ka mayar, taka ce, ba tasu ba."

Bai saurara ba. Da suka koma gida ya zauna a ƙofa cikin tsakar rana, ya kawo dirhamin dab da hancinsa, ƙarfen zane a hannunsa. Fari kawai yake gani, kamar teku da hantsi.

"Mastura," ya ce a hankali, "ɗora min yatsana inda ƙahon yake."