Bindigar Mijin Mai Ɗinki

Ina zaune a shagon wata mai ɗinki a unguwar Tafo, ina jiran kayana na Sallah. Mijinta ya miƙe ƙafafu a bakin ƙofa ya tare hanya, bindigar farauta a kan cinyarsa. Ban san sunansa ba, ba na kuma son sani. Wuyan rigarsa duk dauɗa, faratansa baƙi ƙirin, amma bindigar sai ƙyalli take kamar yau aka saye ta.

Yana naɗa ƙyalle a dogon tsinken ƙarfe, yana turawa cikin bututun a hankali, yana jawowa. A ciki keken matar yana ta kuka, ga tulin ɗinki har taga, Sallah saura kwana uku.

Sai ya miƙa hannu baya, ko waiwaye babu, ya ɗauke kwalbar man keken.

"Baban Ruwaida, shi ke nan ya rage fa," in ji ta. "Keken zai tsaya."

"Ki sa man gyaɗa. So kike ta yi tsatsa?"

Ina jin duk mako haka yake yi. Rabon bindigar nan da ta kawo ko zomo gida, na tabbata tun dajin da yake zuwa bai zama gidaje ba. Keken ne ke cika masa ciki.

Ya tsiyaye man har ɗigon ƙarshe, ya ɗaga bututun ya leƙa rana, ya yi murmushi. A ciki, keken ya yi shiru.