Ɗan makullin da ya fito a wayata

Ina ganin ɗan makulli a saman wayata, wallahi gabana ya faɗi. Maƙwabciyata ke rubuta mani wannan, ni ban yi lakwal ba, ban iya rubutu ba.

Maigida yana Aljeriya, bai ga ɗiyarshi da na haifa ba, rezon waya ya ƙi kai hoto daga garinmu Maijirgi. Yaya Sani mai gyaran waya a Tasawa ya zo barka, ya sa mani wani abu wai VPN, sai makullin ya fito. Ya ce hoton zai bi ta wani inji a tsakani, shi zai miƙa shi.

Na ce, "Yaya, cire! Ɗiyar da ko suna ba a yi ba, baƙo ya riga ubanta ganinta? In bakin mutane ya kama ta fa?"

Ya yi dariya. "Mai jego, in kin ɗaure kwanon tuwo da ƙyalle kin aika gona, mai ɗauka na ganin miya? Makullin nan shi ne ɗaurin."

Na yi bisimilla na tura.

Can sai ga muryar maigida: "Kai! Hancina ta ɗauko!"

Ku fa, kuna tura hoton jinjiri kafin suna?