Ranar da Mangwaro Ya Tashe Ni Daga Matattu

Ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, har in riƙa neman tabarau alhali yana bisa hancina, ba zan manta da wata Litinin ta Ista ba. Ranar ce na mutu a gaban ikilisiya gaba ɗaya, na kuma tashi ba tare da kowa ya yi mini addu'a ba.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare kusa da Gidan Waya, ina kuma taɓa noman citta da gwaza a bayan gida. A coci kuwa ni ne sarkin baki. In aka zo nazari a kan jimre wa tsanani da ƙaunar magabta, ba mai shan gabana. Nakan sassauta murya har sai na ga mata sun fara share ido da bakin zane. Ba a banza nake wannan ƙoƙari ba: bayan Ista za a zaɓi sabon dattijon ikilisiya, ni kuwa har na ɗinka babbar riga na ɓoye a ƙasan akwati. Gaskiya ina son kujerar nan kamar raina.

Matsalata ɗaya ce, maƙwabcina mai kiwon aladu. Wata damina aladunsa suka fasa shinge suka tone mini gwaza kaf. Da na je yin ƙorafi, ko tsayawa da aikinsa bai yi ba, ya ce, "Malam, alade bai je makaranta ba. Ka rubuta masa notis ka manna, wataƙila zai karanta." Tun daga ranar muka daina gaisawa. Coci ɗaya muke zuwa, amma duk lokacin da Pasto ya ce kowa ya gai da na kusa da shi, sai in sunkuya ina gyaran igiyar takalmi. Takalmin nan ba shi da igiya.

Akwai wata tsohuwa, shugabar zumuntar mata, kowa Mama yake ce mata. A shekarun rikici aka kashe mijinta a gona, aka ƙona gidanta. Duk da haka, ranar kasuwa matan Fulani masu tallar nono a ƙofarta suke sauke ƙwarya su huta, ta ba su ruwa, su yi ta hira. Wasu suka ce ta manta da jinin mijinta. Ni ma na tsoma baki a gulmar, na ce haƙuri ma yana da iyaka.

Mama ce ke shirya wasan kwaikwayon Ista kowace shekara. Na shekarar nan labarin wani mai bishara ne na zamanin da, wanda ya shiga wani ƙauye aka jejjefe shi da duwatsu, ya durƙusa ya roƙa musu gafara, sannan ya cika. Da ta ce ni zan fito a mai bisharar, na ji kamar an ba ni kamfen kyauta. Da ta ce maƙwabcina ne shugaban masu jifa, sai na ce a raina, ai ta san halin kowa. Duwatsun kuwa takardun buhun siminti ne aka dunƙule, ko jariri aka jefa da su ba zai farka ba.

Na ba wa mutuwar nan haƙƙinta wurin gwaji. In dafe ƙirji, in yi tangaɗi, in ɗaga ido sama, in sake tangaɗi. Har matata ta gaji ta ce, "Baban yara, mutuwan nan naka ya cika tsawo. Ka mutu da wuri mu je gida, shinkafa na yana wuta."

Ranar wasa filin coci ya cika maƙil, har da baƙi daga ƙauyukan kewaye. Matan zumunta sun sha anko, suna kaɗa tulu da caki. Na fito cikin farin zanen gadon matata, riƙe da sanda. Aka yi ta jifa, takardu suna sauka a jikina kamar auduga. Na durƙusa, na buɗe hannuwa, na roƙa wa masu jifana gafara da wata murya da ni kaina sai da ta ba ni tausayi. Na zube. Ina kwance ido a rufe ina jin shesshekar kuka, ina lissafin ƙuri'u.

Saura abu ɗaya: shugaban masu jifa zai matso ya jefa dutsen ƙarshe don ya tabbatar na mutu.

Ƙwas! A tsakiyar goshi.

Wuta na gani. Na buɗe ido ɗaya, sai ga takarda ta warware, wani ƙaton ɗanyen mangwaro yana gangarawa gefen kunnena. Na ɗaga ido, ga maƙwabcina tsaye a kaina yana cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce masa. A wannan lokaci duk ayoyin da na haddace suka yi ƙaura. Abin da ya rage a kaina kawai shi ne karin maganar nan, wai rama cuta ga macuci ibada ne.

Gawa ta miƙe zumbur. Na suri sandar mai bishara na bi shi a guje ina ihu, "Yau sai na ga bayanka, kai da aladunka!" Wani tsoho da bai san yadda wasan yake ƙarewa ba ya ɗaga hannu sama ya ce, "Haleluya, ya tashi!" Masu kiɗa ma suka ɗauka cikin shiri ne, suka ƙara wuta. Muka zagaya coci, shi a gaba ni a baya, har zanen gadon ya harɗe mini ƙafa na kife kusa da randar kunun da aka dama wa baƙi. Da na ɗago, ido huɗu muka yi da Pasto. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi a kan kallon da ya yi mini.

Mama ce ta ja ni zuwa ƙofar gidanta, ta kawo ruwan zafi da tsumma tana gasa mini ƙullutun da ya fito.

"Mama, da gangan ya yi," na ce.

"Na sani, ɗana. Na gani da ido na."

"To me ya sa kika haɗa ni da shi?"

"Wa'azin ka yana daɗi a kunne. Na ce bari mu gani ko yana da ƙashi a ciki." Ta matse tsumma, ta danna har sai da na yi ƙara. "Ranan da suka kawo baban yara na daga gona, ba wanda ya yi mini rihasal, irin gwajin da ka yi ta yi. Matan nan da kuke gani a ƙofa na, ba su suka kashe shi ba. Wanda ya kashe shi kuma, ina yi masa addu'a. Har yau in na zo wurin nan a addu'a, baki na yana nauyi, wani lokaci sai da kuka. Amma ina yi."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Ga matar da na yi gulmarta tana gasa mini goshi, ita da aka raba da miji da muhalli, ni kuwa mangwaro ɗaya ya fitar da ni daga kabari.

Sai ta kwance bakin zanenta, ashe ta tsinto mangwaron. "Sa shi cikin buhun masara ya nuna. In ya nuna, ka kai masa ku ci tare."

"Ni zan je? Mama, ni fa aka jefa!"

"Shi ya sa kai za ka je."

Zaɓe dai ba sai na faɗa ba. Hannun da na tabbatar an ɗaga mini na matata ne, shi ma iyakarsa kafaɗa. Babbar riga ta ci gaba da barcinta a akwati. Na yi ta fatan mangwaron nan ya ruɓe in huta, amma ja'irin ya nuna lafiya lau.

Wata yamma na ɗauke shi na nufi gidan maƙwabcina. Na tarar yana zuba wa aladu dusa. Yana ganin abin da ke hannuna ya ɗauki murfin bokiti ya kare fuska. Na ce, "Ajiye. Ci za mu yi." Ya daɗe yana kallona, sannan ya jawo benci, ya ciro wuƙa ya raba biyu. Tsami kamar tsamiya. Muka zauna muna yamutsa fuska, ba mai son ya riga wani tofarwa.

"Daga itacen ka na tsinka," ya ce. "Reshen da ya leƙo gida na."

Na ci gaba da tauna. Sai ya dubi goshina.

"Kumburin ya sauka?"

"Ya sauka."

Iyakar ban-haƙurin da na samu ke nan, kuma har yau bai ƙara ko kalma ba. Amma kafin ruwan farko ya sauka, na fito da safe na tarar an gyara shingen da ke tsakaninmu da sabbin itatuwa. Ranar Lahadi kuma, da Pasto ya ce a gaisa, na ƙyale takalmina ya huta.

Mama ta daɗe da komawa ga Ubangiji. Ranar jana'izarta matan nan masu nono sun zo sun zauna a gefe suna kuka tare da mu. Ni kuwa har yanzu in na wuce, tsofaffin abokai sukan ɗaga hannu su ce, "Ya tashi!" in amsa musu, don na ci sunan.

Abin da na koya shi ne, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Yafe wa mai jifa da takarda kowa ma ya iya. Ƙaunar magabci tana farawa ne bayan goshi ya kumbura, shi bai ba da haƙuri ba, kai kuma ka ɗauki ƙafarka ka je ƙofarsa. Tana da tsami, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma na cinye rabona har ƙwallo.