Baƙar Ɗamara

Ƴar farina ce, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, kuma ba a kan takarda zan fara ba. Haka na ga uwata tana yi da yayanmu. In ina son ta, gyaran murya nake yi, ta gane da ita nake. In aka yabe ta a gabana, sai in duƙar da kai kamar an ambaci ɗan wani.

Tana ƙarama ba ta iya ganin jini. Ranar da aka yanka kaza, bayan rumbu ake zuwa nemanta, hannuwanta na rawa. Da ta shiga lise, babbar sakandare, a nan Matameye, malaminsu na wasanni, da muke ce wa mushe, ya fara koyar da takwando a gidan matasa, wasan nan na shuri da ake yi da fararen kaya. Damina ce, ubanta na gida, ya ce ta je in dai za ta rufe kanta. Ba a tambaye ni ba. Wankin kayan dai na ɗauka. In ta tafi lakwal, wato makaranta, sai in jiƙa su, in sa bula, in shanya a bayan ɗaki inda matan gida ba za su ce ina ji da ita ba. Ɗamarar kayan ta yi ta canja launi a hannuna, daga fara har ta zama baƙa, ta gwanaye.

Wata rana wuƙa ta zame mini ina gyaran kifi, tafin hannuna ya tsage. Kafin in yi salati ta riƙe min hannun, ta danne, ta ɗaga shi sama. Ta ce, "Inna, ja numfashi ta hanci, ki sake a hankali. Haka ake ce mana in an sha shuri." Na dubi yatsunta, ko motsi ba sa yi. Ranar na san abin da gidan matasan nan ya yi mata, na bar shi a cikina.

Ta ci bak, jarrabawar gama lise, da kyau. Aka ce akwai bursu, wato tallafi, na karatun likita a ƙasar waje, gurbin kaɗan ne, masu nema da yawa. Cikin dosiye, takardun neman gurbin, akwai wurin da aka ce mutum ya faɗi abin da yake yi bayan karatu, ya haɗa da shaida. Ita ce ta fassara min, don yaƙi da jahilcin da na yi na Hausa ne, Faransanci kuwa sai in haɗa baƙaƙen in rasa abin da suka ce. Ta rubuta takwando da fensir, ta ajiye takardar baƙar ɗamararta a kai. Jikin takardar akwai hotonta, ƙafa ɗaya a sama.

Rani ne, ubanta na Legas wajen gadi. Komai na gida yana hannun wansa, Alhaji, kuma shi ne zai kai dosiyen Damagaram. Da ya ga hoton sai ya ce a kira mushen.

Bayan la'asar aka zauna a tsakar gida. Ni ina bakin murhu, na ba su gefe.

Alhaji ya ce, "Mushe, a ba ka likita biyu, a ce wannan hannunta da sanyi, wannan kuwa ta iya karya haƙarƙari. Wa za ka miƙa wa cikinka?"

Mushe ya yi dariya. "Wadda ta san inda haƙarƙarin yake, Alhaji."

"To mahauci ma ya sani."

"Alhaji, duk masu neman nan sun ci bak. Maki ɗaya, takarda ɗaya. Abin da zai sa a tsaya a kan tata shi ne wannan. Mutanen can suna son yaro mai juriya."

"Ka taɓa zuwa can?"

"A'a."

"Ni ma haka. Ashe makafi biyu ne ke gardamar launin saniya. Amma ni na san takarda ba ta mutuwa. Hoton nan zai bi ofis-ofis, hannu-hannu, ƴar gidanmu da wando ƙafa a sama."

Aka buga wa ubanta waya. Muryarsa na yankewa, ana jin ƙarar motoci. Abin da muka tsinta shi ne, "Duk abin da Yaya ya gani."

Sai mushe ya juyo wajena. Yaro ne, a Yamai ya tashi, bai san mu ba. Ya ce, "Inna, ke ce uwarta, ke kika fi kowa saninta. Me kika gani?"

Matar Alhaji ta daina tankaɗe. Alhaji kansa ya sassauta murya ya ce, "To, faɗi mana." Na san da gaske yake, ba mugu ba ne. Maganar na nan a bakina, tabon ma yana tafin hannuna, buɗe shi kawai zan yi. Amma a gaban wan mijina, a kan ƴar fari? Bakina ya faɗi abin da bakin uwata ya saba faɗi.

Na ce, "Ni ina ruwana da ita? Ƴarku ce."

A wajenmu wannan ba ƙi ba ne. Duk tsohuwar da ta ji, ta san ma'anarsa: ku riƙe min ita da kyau. Matar Alhaji ma ta gyaɗa kai, ta ce na yi kunya. Amma mushe ya dube ni kamar na watsa masa ruwa, ya tashi ya kaɗe wandonsa. Yarinyar kuwa ta ɗauko abin goge fensir ta goge layin da kanta, ta hure. Wurin ya tafi Damagaram fari fat.

Da sunaye suka fito, babu nata. Na tare mushe a hanyar kasuwa na tambaye shi ko layin nan ne. Ya ce, "Wallahi Inna, ba wanda zai iya sani. Wataƙila shi ne, wataƙila ko an rubuta ba za a duba ba." Da ya ce min shi ne, da na san abin da zan yi kuka a kai. Alhaji ya ce rabo ne, ya shiga ya fita har ya samo mata makarantar aikin jinya a Damagaram. Ta yi masa godiya. Ba ta ƙara zuwa gidan matasa ba, ba ta kuma taɓa tayar min da maganar ba. Tana gaishe ni, tana min shara, kamar kullum.

Ranar tafiyarta da safe ta naɗe katifarta, aka rasa abin ɗauri. Ina kallo ta shiga ɗaki ta fito da baƙar ɗamarar, ta zagaya katifar da ita, ta taka da gwiwa ta ƙulle tamau. Mai amalanke ya ɗora ya yi gaba.

Na shiga bayan ɗaki na kwance igiyar shanyata. Ƙullin ya daɗe, sai da na sa haƙori. Na ɓoye ta cikin mayafi na bi su tasha, ni da ba a san ni da rakiyar ƴar fari ba. Kafin in isa an riga an ɗora kaya bisa mota, an ja raga a kai. Ina hango bakin ɗamarar yana leƙowa tsakanin buhun gero da wani keke.

Tana zaune jikin taga. Ta ga igiyar a hannuna, ta dubi saman motar, ta dube ni.

Ta ce, "Bar shi, Inna. Ya ɗauru."

Direba ya tayar. Na so in kira ta, sai gyaran murya ya fito, ƙarar injin ta haɗiye shi. Na koma gida na mayar da igiyar inda take.