Da Sauƙin Baba Iddrisu

Shekara sha tara Baba Iddrisu yana gadin wani warehouse na ajiyar kaya a Gorton, can ƙasar Turawa, bai taɓa cin sick pay, kuɗin hutun rashin lafiya, ba. Tarbiyyar zangon Kumasi ce ta cuce shi: a gidansu, ko mutum na gargarar mutuwa, in an ce ya jiki, sai ya ce da sauƙi.

Da zazzaɓi ya kayar da shi, doka ta ce ya kwanta a biya shi. Manaja ya bugo, wai gaisuwa.

"Much better, alhamdulillahi," in ji Baba, yana karkarwa cikin bargo.

"Brilliant, see you tomorrow!"

Matarsa Fulera ta dungurar masa da takalma. "Tashi, mai sauƙi. Shi manajan, atishawa ɗaya ya yi bara, sati biyu ba a gan shi ba."