Sallama a Gidan da Babu Kowa

Ƙamshin sabon katako a wani gida a titin Wendover ya tuna min da Baba yau.

Tsohon soja ne, ya yi yaƙin Bama. Na kai shi ganin gidan da zan saya a unguwar East Greensboro, nan ƙasar waje, dillaliya ta ce da can barikin sojojin yaƙin duniya ne a wurin. Sai Baba ya tuɓe takalmi, ya yi sallama.

Kunya ta kama ni. "Baba, ai babu kowa."

"Akwai waɗanda suka fita daga nan ba su dawo ba. Wa zai gaishe su?"

Shi ma bai koma garinmu Kumasi ba, jar ƙasar nan ce ta rufe shi. Yanzu ni ke sallamar in na shiga gidan da babu kowa. Allah Ya amsa tasa da rahama.