Luguden da Muka Yi wa Robar Titi

Abin ya faru bayan an haƙa mana burtsatse da damina biyu, shekarar da tsutsa ta ci masara, lokacin haƙorina na gaba bai fita ba tukuna. Garinmu yana kan hanyar da ta bar Kwanar Dangora ta nufi Tudun Wada. Gidaje a wannan hannu, burtsatse a wancan, titi a tsakiya. Direbobi kuwa in sun taho kamar an ce musu gidansu ya kama da wuta. Ni da gwiwata, ga bokiti a ka, sai in yi tsayuwar dahuwar wake kafin in tsallaka. Roƙonmu ɗaya ne: a yi mana tudu a titi, mota ta rage gudu.

Sai aka turo wani ma'aikaci mai furfura a gemu. Ya gicciya baƙaƙen robobi biyu a titi, tsakaninsu taku ɗaya, ya jona su da wani akwati, ya ɗaure akwatin a gindin darbejiya. Mata suka ce motoci yake ƙirgawa. Ni ban taɓa shiga aji ba, amma ba a barina a duhu. Na je na gaishe shi, na tambaya.

"Iya, ba yawan mota kaɗai ba ne," in ji shi. "Taya ta taka ta farko, akwati ya fara ƙirga. Ta taka ta biyu, ya tsaya. In ƙirgan kaɗan ne, motar gudu take. In gudun ya yi yawa, za ku samu tudunku."

Na ce, "To ai lugude ne. Taɓarya ta sauka, 'yar'uwarta ta biyo."

"Haka ne fa, Iya."

Da bakinsa ya faɗa, ban tilasta shi ba.

Ranar Juma'a maza suka tafi masallaci, ma'aikacin ma ya bi su. Na kira mai daddawa, aminiyata tun muna 'yammata, da matar ƙanena, da Bafulatanar da ke kawo mana nono. Biyu a kan kowace roba, a gefen titi, kowa da taɓaryarta.

Mai daddawa ta ce, "Ke da gwiwa ta ƙi, hannu zai yarda?"

"Hannun da ya daka furar bikinki? Ɗaure zaninki dai."

Muka yi luguden da ban yi irinsa ba tun ina da ɗa ɗaya. Har aka sauko daga masallaci ba mu saɓa ba, sai nan da can.

Bayan kwana biyu ma'aikacin ya yi sallama a ƙofar gidana.

"Iya, ranar Juma'a motoci sun wuce garin nan da gudun da jirgin sama ba ya yi."

"Ka gani ko? Abin da muke ta faɗa ke nan."

"Wasunsu ma da baya suke tafiya."

Wannan aikin matar ƙanena ne, tana kan roba ta biyu amma ita ce ke riga ni sauke taɓarya.

"Kuma tayoyinsu sun bar dusar gero a kan roba."

Na shiga gyara ɗankwali. Ya ce in manyansa suka ga wannan lissafin, za su watsar da ƙirgan gaba ɗaya, maganar tudu kuma ta mutu. Da hannuna na so in binne abin da muka shekara muna roƙo.

Sai ya ce zai soke Juma'ar, ya ƙara mako guda. "Amma ke ce mai gadi, Iya, tunda kin fi kowa gane aikin."

Mako guda na yi a kan tabarma a gindin darbejiya, daga hantsi zuwa magariba. Ko kaza ban bari ta taka robar ba. Direbobi, Allah ya shi musu albarka, ba su ba mu kunya ba, suka yi gudunsu na kullum. Kafin a yanke dawa aka yi mana tudu har biyu.

Ma'aikacin na ji an ce ya ajiye aiki, yana noma wajen Kiru. Su Bafulatanar nan sun yi ƙaura da shanunsu can Doguwa, tana nan da ranta. Mai daddawa ta rasu bara, Allah ya jiƙanta. A garin nan saura ni da matar ƙanena, ita kuwa in an tambaye ta sai ta ce ranar zazzaɓi take yi.